Kalmar "prey": daga ganimar yaƙi zuwa tsakon da shirwa ta sura

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo, kuma kalmar "prey" ta sha kayar da ni. Ƙamusun da ke hannuna ya ce "abin farauta". To amma a mako guda na gamu da ita sau uku, babu inda wannan fassarar ta zauna daidai. A wani labari an ce "fraudsters prey on job seekers". A wani an ce "the loss preyed on his mind". Sai kuma wani tsohon rubutu da ya ce mayaƙa "divided the prey". Shin kalma ɗaya ce, ko kalmomi ne daban-daban da rubutunsu ya zo ɗaya?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Kalma ɗaya ce, kuma ƙamusunka bai yi maka ƙarya ba, reshe guda ya miƙo maka ya bar tushen a ƙasa. Jimlarka ta uku, wadda ta fi yi maka kama da baƙuwa, ita ce ke ɗauke da ma'anar asali. Saboda haka daga can zan fara.

"Prey" jikar wata kalmar Latin ce, "praeda". A wurin Romawa, "praeda" ita ce abin da mayaƙi ya kwaso bayan an ci gari: shanu, tumaki, tufafi, makamai, har da mutanen da aka kamo. Ganima ke nan a bakinmu, babu ragi babu ƙari. Romawan sukan kira abin da maharbi ko masunci ya kamo da wannan sunan ma, domin a idonsu duk abu ɗaya ne: ka fi ƙarfin wani, ka damƙe abin da ke gare shi, ko ka damƙe shi kansa. Daga Latin kalmar ta gangara cikin tsohon Faransanci. Bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da sansanin soja na tsawon ƙarnoni, sai kalmomi irin wannan suka yi ta kwarara cikin Turanci. Zuwa ƙarni na 13 "prey" ta riga ta zauna. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci sun san 'yar'uwarta, "proie", uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Ma'anar ganima ta daɗe a Turanci kafin ta tsufa. Fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, cike take da ita. A Littafin Ƙidaya, sura ta 31, an ba da umarnin a ƙirga "the prey that was taken, both of man and of beast", sannan a raba shi gida biyu tsakanin waɗanda suka fita yaƙi da sauran jama'a. Ka ga a nan babu maharbi, babu daji. Bayi ne da dabbobi aka kamo a fagen fama. Akwai wata jimla a Littafin Irmiya da nake yawan kawo wa ɗalibaina domin tana nuna zurfin ma'anar: an ce wanda ya fita daga birnin da aka yi wa ƙawanya ya miƙa wuya, "his life shall be unto him for a prey". Wanda ya riƙe "abin farauta" kaɗai zai ce an mai da ran mutumin abin farauta, wato za a bi shi a kashe. Alhali akasin haka ake nufi. Cewa aka yi zai tsira, ransa shi ne ganimar da zai fita da ita daga wannan yaƙin, ba shi da wata. Kalma ɗaya tak ta juya ma'anar ayar baki ɗaya. A rubuce-rubucen Ingilawa na ƙarni na 16 game da ƙasar Ayalan (Ireland) ma, idan aka ce wani shugaban dangi ya ɗauki "a prey", garken shanun maƙwabcinsa ya kora. Mu da muka san abin da satar shanu ta yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina ba ma buƙatar a yi mana dogon bayanin irin wannan hari.

Abin da ke burge ni shi ne yadda harsuna masu nisa da juna suka haɗu a wuri ɗaya. Ganimarmu aro ce daga Larabci, kuma tushenta ɗaya da "ghanam", wato tumaki da awaki. A Latin, kalmar kuɗi, "pecunia", daga "pecus" ta fito, wato dabbobin kiwo. Mu ma idan Bafillace ya ce dukiyarsa ta shiga gona, ba takardun naira yake nufi ba. A zamanin da, dukiya tana tafiya ne da ƙafa huɗu, shi ya sa yaƙi da farauta suka yi tarayya a kalma: a duka biyun, abu mai rai ake kamowa a koro gida.

To jimlarka ta uku, "they divided the prey", fassararta ita ce "suka raba ganima". Amma ka kiyaye, wannan hanyar mai zuwa ce kawai, ba ta komawa. Idan kana juya Hausa zuwa Turancin yau, kada ka sa "prey" a madadin ganima, domin mai karatu na yanzu zaki da barewa zai gani. Masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci, idan suka zo Suratul Anfal da ayar humusi, aya ta 41, "spoils of war" ko "booty" suke sawa. Kuɗin da aka yi ta maido wa Najeriya daga bankunan Suwizalan, jaridu "Abacha loot" suke kiransu. Wawason da aka yi wa rumbunan kayan tallafi a Jos da wasu garuruwa a watan Oktoba na 2020, "looting" aka ce. Ita "loot" daga harshen Hindi Ingilawa suka aro ta wajen ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da suke kafa mulkinsu a Indiya. "Plunder" kuwa Bajamushiya ce, sojojin haya da suka yi Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka gwabza a yankin Jamus daga 1618 zuwa 1648, su suka kawo ta Ingila, ta bazu a yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642. Waɗannan baƙin su suka karɓe wa "prey" tsohon aikinta, suka bar ta da daji.

Yanzu ga ma'anar da ke raye, wadda ƙamusunka ya ba ka.

Ina yaro a ƙauyenmu, kakata tana da wata kaza mai 'yan tsaki tara. Da hantsi sukan fito bakin rumbu suna tsattsagar tsaba. Rannan ina zaune a kan turmin da aka kife, sai na ga wata inuwa ta gilma a ƙasa. Kafin in ɗaga kai kazar ta yi wani irin kuka, ta baza fukafukai, 'yan tsakin suka ruga ƙarƙashinta. Ɗaya ya yi nisa, yana can wajen randa. Shirwa ta sauko kamar an jefo ta, ko ƙasa ba ta taɓa ba, ta sure shi ta yi sama. Kakata ta fito da muciya a hannu tana ihu, amma sai ɗan gashi da ke saukowa a hankali. Duk lokacin da zan koyar da wannan kalma, wannan tsakon nake tunawa. Minti ɗaya kafin nan yana bin kiyashi yana tsincewa, shi ne mai farauta, kiyashin ne "prey". Da inuwar ta gilma, sai matsayin ya koma kansa.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe fiye da komai a amsar nan: "prey" ba sunan wata irin dabba ba ne, sunan matsayi ne. Fara ganye take ci, ƙadangare ya cafke ta, maciji ya haɗiye ƙadangaren, shaho ya ɗauke macijin. Kowannensu yana iya zama "prey" a safiya guda. Kalmar tana nuna wanda ke ƙasa a tsakanin biyu, wanda aka fi ƙarfi, wanda ake sa wa ido. Na saman shi ne "predator", ita ma daga gidan "praeda" ta fito, kuma a Latin sunan mai kwasar ganima ne tun kafin a laƙaba wa zaki da damisa.

Hausa ba ta tara wannan matsayi cikin kalma guda ba, ta rarraba shi cikin aikatau. Shirwa sura take yi, kura ta kama, zaki ya kayar, kyanwa ta yi kwanto ta cafke, maciji ya haɗiye, gizo-gizo ya naɗe. Saboda haka idan Bature ya ce "the lion dragged its prey into the bush", ba sai ka ce zaki ya ja abin farautarsa ba, Bahaushe ba ya magana haka. Ka ce zaki ya ja abin da ya kama ya shiga kurmi, ko ya ja namansa. Idan labarin ya riga ya faɗi dabbar, ka kira ta da sunanta: ya ja barewar. Wannan ya fi daɗin ji a rediyo nesa ba kusa ba.

"Bird of prey" takan rikita ɗalibai, suna zaton tsuntsun da ake farauta ne. A'a, mai farautar ne: shaho, shirwa, gaggafa, mikiya, mujiya. Masana tsuntsaye sukan sa ungulu a sahun, duk da cewa ita mushe take jira. A ginin jimlar, "of prey" na nufin mai rayuwa da kamu, kamar yadda za mu ce mutumin faɗa.

Idan mutum ne ya fita da bindiga ko baka da karnuka, Turanci ya fi son wasu kalmomin. Namun dajin da ake harbi domin ci ko domin nishaɗi "game" ne. Shi ya sa ake ce wa Yankari ta jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956, "Game Reserve". Na taɓa jin an fassara wannan a iska da wurin wasanni, raina bai ji daɗi ba, gandun namun daji ne. Dabbar da aka tasa a gaba ana bi kuwa "quarry" ce. Asalinta wata al'adar mafarautan Faransa ce ta da, inda ake zuba kayan cikin dabbar a kan fatarta a ba karnuka ladan gudunsu. Ba ta da dangantaka da "quarry" ta wurin fasa dutse, rubutu ne kawai ya haɗa su.

Sai jimlarka ta farko, inda kalmar ta bar daji ta shigo gari. "Fraudsters prey on job seekers." Za ka iya cewa 'yan damfara na farautar masu neman aiki, za a gane. Sai dai farauta a kunnen Bahaushe tana da ƙamshin jarumta, tana tuno da kiɗan mafarauta da kirari, kuma idan muka ce 'yan sanda na farautar wani, nema ruwa a jallo muke nufi, wanda a Turanci "hunt" ne. "Prey on" ba ta da ko ɗigon yabo. Tana cewa mai ƙarfi ya zaɓi mai rauni da gangan, ya san inda rauninsa yake, kuma ba sau ɗaya yake yi ba, da haka yake ci. Matashin da ya gama hidimar ƙasa shekara uku babu aiki, mahaifinsa ya sayar da ɗan fili ya ba shi kuɗin "sayen gurbi", wani ya karɓa ya ba shi takardar ɗaukar aiki ta bogi, ya kashe waya: wannan yaron da mahaifinsa su ne ke cikin jimlar, kuma fassararka ya kamata ta sa mai sauraro ya ji su. Ni zan ce 'yan damfara na ɗana wa masu neman aiki tarko, ko sun mai da masu neman aiki saniyar tatsa, ko suna amfani da halin ƙuncin da suke ciki suna cutarsu. Ka zaɓa gwargwadon labarin: tarko idan yaudara ce ta lokaci guda, tatsa idan abin yana maimaituwa.

Daga nan ne sifar "predatory" ta samu kasuwa a labaran yau. "Predatory lending" shi ne bashin da aka tsara domin mai karɓa ya kasa fita, irin na wasu manhajojin waya da ke ba da rance cikin minti biyar da ruwa mai nauyi, in an makara su bi lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi wurin surukai da abokan aiki. Bashin zalunci ne, ko bashin tarko. "Predatory pricing" shi ne babban ɗan kasuwa ya karya farashi har ƙasa da uwar kuɗi domin ƙanana su durƙushe, kasuwa ta zama tasa. "Predatory journals" su ne mujallun bogi da ke karɓar kuɗin malaman jami'a su buga musu takarda ba tare da an tantance ba. "Sexual predator" kuwa, kada ka sassauta shi da kalmar manemi ko mai son mata. Mai lalata da yara ne ko mai yi wa mata fyaɗe, wanda ya mai da abin ɗabi'a.

"Fall prey to" tana duban lamarin ne daga ɓangaren wanda aka cuta: ya faɗa tarko, ya faɗa komar wasu, ya shiga hannu. Tana kuma aiki da abin da ba mutum ba. Idan aka ce yara "fell prey to cholera", kwalara ce ta kama su, ko ta yi musu ɓarna. Bambancinta da "victim" siriri ne amma yana nan. "Victim", wadda asalinta a Latin dabbar hadaya ce, kowa ne da abu ya rutsa da shi, ko hatsarin mota ko ambaliya, kuma ana faɗinta bayan abin ya auku. "Prey" tana iya zuwa tun kafin a taɓa mutum, tun yana tsattsagar tsabarsa bai ga inuwar ba. "Easy prey" shi ne wanda ba shi da kariya, kamawa ba wuya.

Jimlarka ta biyu ta fi sauran taushi. "The loss preyed on his mind." A nan mai farautar ya koma cikin ƙirjin mutum. Damuwa ce ke gutsurarsa kaɗan-kaɗan, dare da rana. Hausa ta riga ta yi wannan tunanin da kanta, domin mu ma ci muke cewa: abin yana cin sa a rai, asarar ta tsaya masa a zuci, ta hana shi barci, tana nuƙurƙusarsa. Ka ɗauki ɗaya daga ciki, kada ka kusanci kalmar farauta ko kaɗan.

Akwai 'yan ƙa'idojin nahawu da suke kayar da ɗalibai a WAEC da NECO, kuma za su amfane ka ranar da aka ce ka rubuta Turancin da kanka. A matsayin suna, ba a cika yi mata jam'i ba. Zaki ɗaya da barewa goma, "prey" ce dai, kamar yadda ba ma cewa ruwaye idan muna nufin ruwan randa. "Preys" da za ka gani a rubutu mai kyau aikatau ce ta mutum ɗaya: "the hawk preys on chicks". A matsayin aikatau kuma ba ta tafiya ita kaɗai, dole "on" ko "upon" ta biyo ta. "The hawk preyed the chick" kuskure ne. Haka nan "fall prey to" ake cewa a Turancin yau, ba a cusa "the" a tsakani.

Sai babbar matsalar, wadda kai mai aiki da murya ta fi shafa. "Prey" da "pray" furucinsu ɗaya ne sak, babu bambancin ko numfashi, amma ba su haɗa kaka ba. "Pray" daga "precari" ta fito, wato roƙo. Na taɓa duba takardar wata ɗaliba mai ƙoƙari da ta rubuta "we prey five times a day", tana nufin salloli biyar. Na kira ta na rubuta kalmomin biyu a allo, na sa ta ta karanta, ta ce ai ɗaya ne. Na ce a kunne ɗaya ne, a ido harafi guda ya raba mai ɗaga hannu yana roƙon Allah da mai kai hannu yana damƙar na ƙasa da shi. Ba ta sake yin kuskuren ba har ta gama. Turawan da kansu sukan yi tuntuɓe a sunan ƙoƙi-ƙoƙi. Daidai shi ne "praying mantis", saboda yadda yake naɗe hannuwansa na gaba kamar mai addu'a, amma da yake da waɗannan hannuwan yake cafkar ƙwari, da yawa sukan rubuta "preying". Mu kuma muna da namu tuntuɓen: bakin Bahaushe yakan mai da "p" ta koma "f", sai "prey" ta fito "fray", wadda wata kalma ce dabam mai nufin rikici, ko zarewar bakin tufa. Idan za ka karanta ta a iska, ka haɗa leɓɓanka sosai kafin ka saki sautin.

Idan ta sake zuwa maka a tsakiyar labari kuma lokacin shiga ɗakin watsa shiri ya matso, ka dubi abin da ke gefenta. In ka ga mayaƙa da rabo da tsohon Turanci, ganima ce. In ka ga dabba, ka nemi aikatau ɗin da Hausa ta ba wannan dabbar, ka kira abin da ta kama da sunansa. In ka ga "mind" ko "conscience", cin rai ne. In kuwa mutane biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka tambayi kanka yadda tsohuwa a unguwarku za ta ba da labarin idan jikanta abin ya faru da shi, ka rubuta abin da za ta ce.